Takardar bakalorea da shirin shiga jami'a ga ƴaƴan talakawa a Nijar

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba abin da takardar bakalorea take shaidawa, da abin da take ɓoyewa. Mun gaji wannan jarrabawa daga Faransa, inda aka kafa ta a 1808 a matsayin matakin farko na digirorin jami'a. Saboda haka aiki biyu take yi: tana rufe karatun lise, tana kuma buɗe ƙofar jami'a.

Matsalar tana cikin yadda ake lissafi. Ana haɗa makin darussa duka, kowane da nauyinsa, a fitar da matsakaici. Wanda ya samu 10 bisa 20 ya ci. Wanda ya kusa kaiwa ana ba shi dama a zagaye na biyu. Ke nan ɗalibin sashen D yana iya rufe rauninsa na faransanci da makin kimiyyar halittu, ya karɓi takarda iri ɗaya da ta kowa. Amma a ajin farko na Jami'ar Abdu Mumuni, malami yana magana da faransanci awa biyu a gaban ɗaruruwan ɗalibai, kowa na rubuta abin da kunnensa ya kama. Nan raunin da lissafi ya rufe yake fitowa fili.

Wa abin ya fi shafa? Yaron ƙauye da ya tashi da hausa a gida, ya koyi karatu cikin harshen da bai taɓa ji ba, ya zo birni ya zauna gidan wani don yin lise, sau da yawa ba littafi, ba ɗakin gwaje-gwaje. Ya haddace, ya ci. Amma haddar ba ta koya masa taƙaita babi ko kare ra'ayi a rubuce ba. Ɗan ma'aikaci a Yamai kuwa yana da mai bita a gida.

Buɗe jami'o'in Maradi, Tawa da Damagaram a 2010 ya rage nisan tafiya, bai taɓa wannan giɓi ba. A ganinmu gyaran yana can ƙasa. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da hausa a firamare a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi, sai dai gwajin ya daɗe bai game ƙasa ba. Kafin hakan ta samu, sassan jami'a suna iya auna rubutun sababbin ɗalibai a makon farko, su ware masu awoyin faransanci da dabarun nazari.