Wa Ake Yaƙa a Littafin Daniyel?

A sura ta 10 ta littafin Annabi Daniyel, wani mai iko da ke tsaron mulkin Farisa ya tare wa manzon sama hanya kwana 21, har sai da Mika'ilu ya kawo ɗauki. Kiristoci da yawa suna kafa hujja da wannan sura kan yaƙin ruhaniya. Amma Daniyel makoki da azumi ya yi, bai zargi kowa ba. Daga ina wasu masu wa'azi suka samo izinin kiran tsohuwar gida mayya? Ezekiyel kuwa, a sura ta 34, makiyaya ya ɗora wa laifin watsewar garke, wato shugabanni. A wurinsa, maido da masu bi shi ne nemo ɓatacciyar tunkiya da ɗora wadda ta karye, aikin da waɗannan makiyaya suka yi watsi da shi.