Jinyar Wanda Jikinsa Ya Shanye Bayan An Sallamo Shi daga Asibiti

A Tambuwal ko Kebbe, idan hawan jini ya kayar da dattijo aka ɗaga shi ɓarin jikinsa ba ya motsi, ko ɗan kabu-kabu ya yi karo da mota a kan titin Sakkwato zuwa Jega ƙashin bayansa ya taɓu, hanyar da za a bi sananniya ce. A fara da babban asibitin garin, daga nan a ba da takarda a wuce Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ko na ƙashi da ke Wamakko. Wasu kuma su ga Birnin Kebbi ta fi musu kusa. Bayan 'yan makonni likita ya ce jini ya sauka, a tafi gida, a riƙa dawowa gashi.

Dangi su yi hamdala, su naɗe tabarmi. Sai dai daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, ƙauyukan Kebbe kuwa sun fi haka nisa. Wanda ba ya iya zama ba a cusa shi motar haya, sai an yi shata, ga kuma fargabar hanya da matsalar tsaro ta jawo a 'yan shekarun nan. Zuwa gashi sau biyu a mako yakan koma sau ɗaya a wata, daga nan a bar wa Allah. Saboda haka a ɗakin matarsa za a yi aikin farfaɗo da shi, kuma nas ɗinsa ita ce matar, ko ɗiyarsa, ko matar ɗansa, wadda ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata komai. Da yawa daga cikin waɗanda muke yi wa salla wata uku ko shida bayan sallama, ciwon farko ya riga ya ƙyale su. Gyambon kwanciya ne ya ci su, ko kunu ne ya bi hanyar iska, ko robar fitsari ta shigar da cuta cikin jini.

Turawa ma sun sha wannan. A yaƙin duniya na farko, mafi yawan sojojin da lakarsu ta tsinke ba su daɗe ba suka mutu, kuma gyambo da ciwon mafitsara ne suka kashe su. A 1944 wani likita Bajamushe da ya yi gudun hijira zuwa Ingila, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu ciwon laka a asibitin Stoke Mandeville. Bai zo da maganin haɗa lakar da ta tsinke ba. Doka ya kafa cewa a juya kowane marar lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana, a kuma tsaftace hanyar fitsari. Mutanen da aka fitar da rai da su suka rayu, har a 1948 suka yi gasar harbin baka a kan keken guragu, wadda ita ce tushen gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin marasa lafiya 10 da ake kula da su, kusan 1 yana cutuwa daga kulawar kanta, kuma fiye da rabin wannan cutarwa ana iya kauce mata. Wannan fa a hannun waɗanda suka karanci aikin ke nan.

Gyambon kwanciya shi ne babban abokin gaba, kuma yadda yake samuwa ba wuyar fahimta. Mai lafiya yana juyi cikin barci bai ma sani ba, domin da zarar wani gefe ya gaji jiki zai gaya masa. Wanda ya shanye ba ya jin wannan saƙo, ko yana ji ba shi da ikon motsawa. Nauyinsa sai ya matse nama tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya daina kaiwa wurin, cikin 'yan awoyi naman ya fara mutuwa. Sau da yawa daga ciki yake somawa, kusa da ƙashi, kamar yadda gara ke cin azara bayanta na nan lafiya lau. Ranar da fata ta fashe za a ga ɗan baki kaɗan, alhali a ƙarƙashi rami ne.

Wuraren da za a duba kullum su ne ƙasan baya wajen ƙashin zama, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. Littattafan jinya da aka rubuta a Turai sun ce a nemi inda fata ta yi ja. Fatarmu ba ta cika nuna ja ba. Abin da mai jinya za ta nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko yake ƙyalli, ko ya yi tauri ko ɗumi idan ta ɗora bayan hannu. In ta gani, kada a sake kwantar da shi a kan wurin har sai ya koma daidai, kuma kada a murza, domin murza tana ƙara ragargaza naman da ya riga ya raunana.

Na sha jin masu jinya na cewa ai duk lokacin salla suna juya shi. Niyya ce mai kyau, amma lissafin bai fita ba. Tsakanin Asuba da Azahar akwai wajen awa takwas, tsakanin Lisha da Asuba ma haka ko fiye. Gara a saita ƙararrawar waya duk awa biyu: dama, baya, hagu. In an kwantar da shi ta gefe, a ɗan kishingiɗar da shi a tokare bayansa da matashi don kada nauyi ya sauka tsaf a kan ƙashin kwatangwalo, a sa wani matashin tsakanin gwiwoyi. In yana rigingine, a sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta yi lilo ba ta taɓa komai. Wanda ke zaune a keke kuwa bai tsira ba, shi ma sai ya riƙa karkatawa yana sauke wa mazaunai nauyi a kai a kai.

Zafinmu na bazara, daga Maris zuwa Mayu, yana wuce digiri 40. A irin wannan lokaci ledar da ake shimfiɗawa don kada fitsari ya ɓata katifa tana tara gumi, fata ta jiƙe ta yi laushi ta saɓule. In dole ne a sa leda, a ninka zanin auduga a kanta, a canza da zarar ya jiƙe, a kuma ja shi ya miƙe, domin ko tattarewar zani ko ɓurɓushin abinci na iya zama mafarin ciwo. Gyambon da ya buɗe aikin asibiti ne. Toka, baƙin mai, garin kafso da ake ɓarewa a barbaɗa, duk rufe baki suke yi ruɓa na ci gaba a ƙasa. Kuma nama ba ya tsirowa da koko tsagwaronsa: a ba shi wake, ƙwai, nono, kifi, gyaɗa, gwargwadon hali.

Haɗari na biyu a cikin cokali yake. Kusan rabin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna samun matsalar haɗiya a farkon ciwon. Mu kuwa ƙaunarmu ga marar lafiya a abinci take, sai a tallabo kansa yana kwance a yi masa ɗura da ludayi ana cewa "daure ka sha, Baba." Abin da ya kuskure hanya huhu yake faɗawa, bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, a ce ciwon ne ya dawo. Wasu ma ba sa tari ko da sun ƙware, shi ya sa abin ke wucewa ba a lura ba. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi komai, a tabbata idonsa biyu, a yi amfani da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, kuma ya ci gaba da zama kamar rabin awa bayan ya gama. Ruwa tsinkakke ya fi saurin ƙware mutum. Da yawa sun fi iya haɗiye kunu mai ɗan kauri. Wannan ƙa'ida ta shafi rubutu da ruwan tofi da zamzam, domin maƙogwaron da ya raunana ba ya bambancewa. Bayan cin abinci a leƙa kumatun ɓangaren da ya shanye, nan loma ke maƙalewa, a wanke baki safe da yamma.

Idan likita ya ce a sa robar hanci don ba da abinci, wasu dangi sukan ƙi, wai alama ce ta an fitar da rai. A ganina wannan tsoro ya yi mana ɓarna mai yawa. Mutane da dama haɗiyarsu na dawowa cikin 'yan makonni, robar kuwa ita ke riƙe su har lokacin.

Sai ɗagawa. Hannun da ya shanye ba shi da ƙarfin naman da zai riƙe kafaɗa a gurbinta, don haka duk wanda ya kama shi ya ja don ya tayar da marar lafiya yana iya gocar da ita, ya bar masa ciwon da zai hana shi barci wata da watanni. A ninka zani mai ƙwari a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe da gefe su ɗaga. Kowace gaɓa, daga yatsu har idon sawu, a lanƙwasa ta a miƙe a hankali kullum, a tsaya inda ya ce da zafi, in ba haka ba ta ƙage. Gasa ƙafar da ba ta ji da tafasasshen ruwa da tsumma ƙuna kawai yake jawowa, haka kaskon garwashi da ake turawa kusa da shimfiɗa lokacin hunturu: sai dai a ji ƙauri, mai ƙafar bai sani ba.

Faɗuwa galibi a hanyar makewayi take faruwa, da dare, lokacin da dattijo ya ji nauyin tayar da ɗiyarsa. Kujerar roba ko ta katako da aka huda tsakiyarta aka sa bokiti a ƙasa, fitila a kusa, takalmi mai kama dunduniya maimakon silifas, sun isa su rage wannan. Amma kada tsoron faɗuwa ya sa a ɗaure mutum a gado. Da zarar likita ya yarda, a zaunar da shi, a fitar da shi inuwa ya ga jama'a. Ya ci abinci da hannun da ke aiki ko da zai zubar, ya yi alwala ko taimama da kansa, ya yi salla a zaune kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa masa. Ƙwaƙwalwa tana koyon sabuwar hanya ne ta maimaici, kuma watannin farko su ne lokacin da ta fi saurin koyo. Tausayin da ke yi wa mutum komai yana cinye masa waɗannan watanni.

Robar fitsari ba ta da dogon bayani. Jakar da fitsarin ke taruwa ta kasance ƙasa da mara koyaushe amma kada ta kwanta a ƙasa, kada robar ta lanƙwashe, a wanke hannu da sabulu kafin a juye, kuma ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai canza robar a ranar da aka tsayar.

Magani ma haka. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki. Wanda ya ajiye ƙwayar hawan jini don ya ji sauƙi yana kiran shanyewa ta biyu. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a kemis barkatai, irin su diclofenac, suna iya tayar da jinin su kuma taɓa ƙoda.

Duk wannan aikin nas ne ta koyar kafin a sa hannu a takardar sallama, kuma koyarwar baki ba ta wadatarwa. Na san ma'aikatan jinya sun yi kaɗan, mutum ɗaya na iya kwana da ɗaki guda cike da gadaje. Duk da haka rabin awa da za a ɓata a gefen gado ya fi arha a kan wankin gyambo na wata shida. Mai jinya kuma kada kunya ta hana ta cewa, "Sista, don Allah nuna min yadda zan juya Baba, sa'an nan in yi a gabanki ki gyara min." Tambuwal na da kwalejin koyon aikin jinya a cikin garin. Da za a riƙa tura ɗalibanta, tare da malamansu, suna zagaya gidajen da ke da irin waɗannan marasa lafiya a Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kuchi, da ɗaliban sun ga jinyar da ba a gani a aji, iyalai kuma sun samu mai duba musu bayan marar lafiya tun fata ba ta fashe ba.

Makon farko gida cike yake da 'yan dubiya, "Ya mai jiki? Allah shi ba da lahiya." Bayan wata guda sai mace ɗaya ta rage da namiji mai nauyin buhu, ga girki ga yara. Juyin ƙarfe biyun dare ba aikin mutum ɗaya ba ne. 'Ya'ya maza da ƙanne su raba dare a tsakaninsu, su ma su koyi wanka da canza shimfiɗa. Kuma a kula da abin da ake faɗa a kansa. Wanda maganarsa ta ɗauke sau da yawa yana jin duk abin da ake cewa yana kuma ganewa. Kuka ko dariyar da ke zo masa ba dalili daga raunin ƙwaƙwalwa ne, ba shafar iska ba, baƙin cikin da ke hana shi ci da magana kuma yana da magani a asibiti.

Akwai alamun da ba a jira ranar komawa ganin likita in an gan su: zazzaɓi tare da tari ko saurin numfashi, gyambo mai wari ko wanda ya yi baƙi, fitsarin da ya tsaya ko ya yi kauri da jini, ƙafa ɗaya da ta kumbura ita kaɗai, sabon karkacewar baki, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar. Ba sai an jira kuɗin shatar Sakkwato sun haɗu ba. Babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe ya isa a fara kai shi a ranar, su auna jini, su duba ƙirji da gyambon, in abin ya fi ƙarfinsu su rubuta takardar wucewa.