Cutar MS: Lokacin Sauƙi Shi Ne Lokacin Neman Magani

Akwai wata cuta da kan zo wa mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, ta sa ido ɗaya ya riƙa gani dishi-dishi na wasu makonni, ko ƙafa ta sage, ko wata kasala ta rufe shi wadda barci ba ya kawar da ita, sannan ta janye kamar ba a yi ba. Likitoci na kiranta MS. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta far wa rigar kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Idan robar wayar lantarki ta ɓare, wuta kan yi ta ɗaukewa tana dawowa. Haka saƙon ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi ke zama. Wani likita Bafaranshe, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma galibi tana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ba a ɗaukarta daga jikin wani.

Babban haɗarinta yana cikin wannan janyewar da take yi. Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu ita sukan fara ne da nau'in da ke tashi ya lafa, don haka duk abin da aka yi wa majiyyaci a makonnin tashin, jiƙo ne ko hayaƙi, shi za a yaba wa idan sauƙi ya zo, alhali da ma sauƙin yana tafe. Sai dangi su yi hamdala a watse. Amma hoton MRI ya nuna cewa cutar kan ci gaba da yin sababbin tabo a ƙwaƙwalwa ko a lokacin da mutum ke jin garau, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma watannin da majiyyaci ke tafiya da ƙafarsa su ne suka fi cancanta ya kashe wajen neman likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Wani zai ce ai wannan ciwon Turawa ne. Gaskiya ne an fi samunta a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Sweden, sai dai wani bincike da aka wallafa a 2013 daga kudancin Kalifoniya ya gano sababbin masu kamuwa sun fi yawa a cikin mata baƙar fata a kan farare. Inda na'urar MRI da ƙwararru suka yi ƙaranci, ƙarancin adadi a takarda bai isa hujja ba. Akwai ma dalilin da ya sa ɗan Afirka ya fi kowa buƙatar gwaji mai kyau: wata cuta mai suna NMO tana kama da MS ƙwarai, ta fi yawa a baƙar fata, tana da gwajin jininta, kuma wasu magungunan MS kan ƙara tsananta ta. Saboda haka likitan kirki ba ya yanke hukunci da hoto kaɗai. Yakan saurari tarihin ciwon, wani lokaci ya ɗebi ruwan laka a auna, ya kuma tabbatar ba wata cuta ba ce.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: tunda ba ta warkewa, mene ne amfanin wahalar? Hawan jini da ciwon suga ma ba a rabuwa da su, amma ba mai hankalin da zai bar maganinsu. Kafin 1993, shekarar da Amurka ta amince da allurar interferon, babu maganin da aka amince da shi don rage tashin cutar. Yau akwai fiye da goma, kuma bincike ya nuna wanda ya fara da wuri ya fi daɗewa bai nakasa ba. Tsadarsu kam abin tsoro ce, ba na musun haka. Amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa guda uku, cladribine da glatiramer da rituximab, cikin jerin muhimman magungunan da take ba ƙasashe shawarar su tanada, kuma wannan hujja ce da majiyyata za su riƙe wajen matsa wa hukumomin inshorar lafiya. Kuɗin da majiyyata suka tara da guminsu ya fi dacewa da waɗannan magunguna a kan masu tallan waraka nan take a intanet.

Sauran aikin na gida ne, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Sigari na gaggauta nakasa, barinta wajibi ne. A da ana hana masu MS motsa jiki. Yanzu an tabbatar tafiya da atisayen da sashen gashin ƙashi ke koyarwa suna rage kasala, su kuma daidaita tafiya. Zafi kan tayar da tsofaffin alamomi na ɗan lokaci ba tare da wata sabuwar ɓarna ba, don haka a bazara sai a yi aiki mai nauyi da sassafe, a yawaita wanka da ruwan sanyi. Zazzaɓi da ciwon mafitsara ma haka suke yi, a magance su da wuri. Cutar ba ta hana aure ko haihuwa. Tashinta ma kan ragu a watannin ƙarshe na juna biyu, ko da yake yakan ƙaru bayan haihuwa, shi ya sa ake tsara ɗaukar ciki tare da likita. Su kuma 'yan uwa su daina kiran kasalarta lalaci, su kuma lura da baƙin cikin da kan biyo ta, domin shi ma yana da magani.

Duk wanda ido ya dushe masa ko gaɓa ta sage fiye da kwana ɗaya, ya rubuta ranar da abin ya fara, ya nemi a tura shi wajen likitan jijiyoyi, ko da ya riga ya ji sauƙi.