Teku a kan ƙwallo mai faɗin mita 1.7

Duk wanda ya yi makaranta ya ji cewa teku ya rufe kashi 71 cikin ɗari na doron ƙasa, kuma a cikinsa kashi 97 cikin ɗari na ruwan duniya yake. Ana haddacewa a ci jarrabawa, amma ƙwaƙwalwa ba ta ganin komai a ciki. Wannan gibi ne gidajen adana kayan tarihi ke ƙoƙarin cikewa, kuma zauren Sant Ocean Hall na cibiyar Smithsonian a Washinton, wanda aka buɗe a 2008, misali ne mai kyau. Girmansa murabba'in ƙafa 23,000 ne, wato bai kai kashi ɗaya cikin uku na filin ƙwallon ƙafa ba.

A cikin zauren akwai wata ƙatuwar ƙwallo da hukumar NOAA, mai kula da teku da yanayi a Amurka, ta ƙirƙiro, ana kiranta Science On a Sphere. Faɗinta kusan mita 1.7, majigi huɗu ne ke haska ta daga kusurwa huɗu har ta zama kamar duniya tana lilo a sarari. Mai kallo yana zagaya ta da ƙafa. A wurare da dama da aka kafa irinta, mai bayani na riƙe da kwamfutar hannu, yaro ya ce a juyo masa Afirka, a juyo, ya ga yadda iska ke kwaso danshi daga tekun Atilantika zuwa arewa. Wannan danshin ne damunarmu.

Lissafin da ya fi kama ni shi ne na zurfi. Faɗin duniya kilomita 12,742 ne. Idan an matse shi zuwa mita 1.7, kowace milimita ɗaya a jikin ƙwallon tana wakiltar fiye da kilomita 7. Matsakaicin zurfin teku kuwa kusan mita 3,700 ne, saboda haka a wannan ma'auni rabin milimita ne kacal, kamar kaurin farce. Ko ramin Mariyana, wuri mafi zurfi, mai kusan mita 11,000, bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Hasken rana mai isa tsiro ya rayu yana tsayawa ne a wajen mita 200 na sama, kuma a wannan ɗan siririn sashe ƙananan halittun ruwa ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya. Wanda ya tsaya gaban ƙwallon da wannan lissafi a ransa zai gane dalilin da ya sa shara da zafi ke iya yi wa teku illa duk da faɗinsa.

Daga rufin zauren an rataye siffar wel, ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, tsawonta ƙafa 45. An kwaikwayo ta ne daga wata takamaimiyar dabba da masana suka raɗa wa suna Phoenix, wadda suke bibiya tun haihuwarta a 1987. A 1997 igiyar masunta ta sarƙe ta, kuma an sa tabon a jikin siffar. Jinsinta, na arewacin Atilantika, a ƙiyasin 2023 saura kusan 370, matan da ke haihuwa kimanin 70 ne, kuma fiye da kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka bincika igiya ta taɓa sarƙe su. A ganina tabon nan ɗaya ya fi dogon jadawali isar da saƙo.

Abu ɗaya nake so masu bayani su riƙa faɗa a fili. Ƙwallon tana nuna ƙasan teku sumul kamar an gama auna shi, alhali shirin Seabed 2030, mai zana taswirar ƙasan teku, ya ce a 2017 kashi 6 cikin ɗari kawai aka zana dalla-dalla, zuwa 2024 aka kai kusan kashi 26. Sauran kusan kashi uku cikin huɗu kintace ne daga awon tauraron ɗan'adam.