Bikin Kirsimeti da Tukunyar Janairu

(Kiɗan buɗe shiri, ya lafa a hankali)

Hunturu dai ya kankama, hazo ya sauko, a majami'u daga Jos zuwa Kafanchan, daga Wusasa zuwa Numan, mawaƙa sun fara bitar waƙoƙin Kirsimeti da yamma. Shirinmu na yau kuwa madafa zai shiga. Zancen cefane za mu yi, da yadda mai iyali zai yi bikinsa ba tare da tukunyar gidansa ta kife a watan gobe ba.

Bari mu fara daga kasuwar Farin Gada da ke Jos, da hantsi, ana saura mako guda biki. Ga wata uwa nan tsaye gaban mai tumatir, ta ɗaura zane a kan rigar sanyi, hannunta riƙe da 'yar takarda da aka yago daga littafin makarantar ɗanta. Ta rubuta tumatir, attaruhu, albasa, man gyaɗa, magi. Ta taya, mai kaya ya ce albarka. Ta ƙara, ya sallama, ta ce a yi mata gyara, ya jefa mata ƙwaya uku. Har nan lafiya lau. Tana juyawa sai ga kabeji da karas an jera sun yi shar, ga mai koren wake yana kiran “Mama, zo ki gani, na yau ne.” Babu ko ɗaya a takardarta. Amma ai biki ne, ko ba haka ba? Kafin ta kai bakin titi ta tsaya wurin mai POS sau biyu, kowane tsayi da ladan cirewa, takardar nan kuma ta dunƙule ta koma ƙasan jaka.

Wannan uwa ba almubazzara ba ce. Ta fi ni da ku iya ciniki. Abin da ya ci ta shi ne kuɗin cefanen wata da kuɗin biki suna zaune a jaka ɗaya, kuma idan suka haɗu, na biki ne yake cinye ɗan'uwansa.

(Kiɗa kaɗan)

Akwai wani lissafi da ba a cika yinsa ba. A wuraren aiki da dama akan biya albashin Disamba da wuri, don ma'aikata su yi hidimar biki. Ranar da saƙon banki ya shigo waya kowa sai murna, har da addu'a ga masu biya. To amma a ce an biya ka ranar 20 ga Disamba, albashi na gaba kuma bai zo ba sai 28 ga Janairu. Ƙirga da yatsunka: kwana 39 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan ka raba shi kwana 30, kowace rana tana da kimanin naira 2,300. Ka raba shi kwana 39, ba ta kai 1,800 ba. Ba a sayi ko fiffiken kaza ba tukuna, ba a yi zancen haya ba, ba a yi na makaranta ba, wadda za a koma a farkon Janairu da kuɗin zango na biyu. Shi ya sa ma'aikata suke yi wa Janairu kirari da wata mai kwana sittin. Laifin ba na Janairu ba ne, a Disamba aka ci rabonsa.

Kuma kowa ya san yadda kasuwa ta zama tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ko an samu sassauci a wasu kayan daga baya, gidaje da yawa ba su koma sayen buhu ba. Mai buhu ya koma tiya, mai tiya ya koma mudu, mai mudu ya koma gwangwani.

Ni kaina na sha wannan ruwa. Shekarar da na yi aure, na ɗauka ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na sayi kaji huɗu don gida mai mutum biyu, na jibge kiret-kiret na lemon kwalba, na ce duk wanda ya shigo a cika masa faranti. An ci, an sha, an sa mini albarka. Ranar 9 ga Janairu amarya ta leƙo ta ce, “Maigida, garin tuwo fa ya ƙare.” Na shafa aljihu, na fita da daddare don kada a gan ni, na je wurin mai kantin unguwarmu ya buɗe mini shafi a littafin bashi. Shafin nan bai rufu ba sai dab da Ista. Hausawa suna cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Na tabbatar muku maganar ba ta tambayar addinin mutum.

Goggona ce ta warkar da ni. Tsohuwar malamar firamare ce a Kafanchan, ta raini yara bakwai da albashin da bai taka kara ya karya ba. Ita a wurinta, ranar da kuɗin Disamba ya shigo hannu, abincin Janairu ake fara saya. Masara, wake, gero na kunu, manja, gishiri, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, da kauɗa, wato busasshen tumatir. Ta zuba hatsin a duro, ta sa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne kuɗin biki, ko da yawa ko ba yawa. Na taɓa ganin wani ɗanta, magidanci da gemunsa, yana roƙonta ta buɗe duron a ɗebi wake mudu biyu a yi wa baƙi alala. Ta dube shi ta ce, “Baƙin naka za su dawo su ciyar da mu ranar 15 ga wata?” Duron bai buɗu ba.

Dabarar tata tana da dalili na kasuwa. Disamba cikin kaka yake. Sabuwar masara da dawa da gero da wake sun shigo, su Saminaka da Mangu da Dawanau a cike suke, kuma a bisa al'ada hatsi ya fi sauƙi a wannan lokaci kafin ya fara hawa idan an doshi bazara. Abin da yake tashi saboda biki daban ne: kaza, akuya, shinkafa, man gyaɗa, fulawa, kuɗin mota. Wato a wata guda kasuwa tana miƙo maka araha da hannu ɗaya, tsada da ɗaya hannun, mu kuwa sai mu bi tsadar da gudu mu bar arahar tana kallonmu. Albasa ma takan yi wuya a ƙarshen shekara kafin sabuwa ta fito daga su Aliero, tumatirin rani na Kadawa kuma sai an shiga sabuwar shekara yake cika kasuwa sosai. Mai haƙuri da kauɗa a miyar yau da kullum, ya bar ɗanyen tumatir don ranar biki, bai yi asarar komai ba.

(Kiɗa kaɗan)

Sai nama, wanda shi ne uban tafiya. A nan ba sai na koya wa kowa komai ba, domin watanda ta riga mu zuwa duniya. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, a sayi sa, a yanka, a kasa daidai, kowa ya ɗauki kasonsa har da kayan ciki. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata a majami'u da abokan aiki a ofisoshi sun daɗe suna yin haka, wasu ma tun farkon shekara suke zubi, kamar yadda ake adashin shinkafa da mai. Abin da zan ƙara kawai: ku san wanda kuke damƙa wa kuɗin, kuma a rubuta. Ba shekarar da za ta wuce ba a ji labarin uwar adashi ta kashe waya ana saura kwana uku biki ba. Wanda kuma bai shiga watanda ba, kazar da zai saya ranar 24 ga wata ita ce mafi tsada a shekara. Mai kaji ya san ba ka da mafita, kai ma ka san ya sani.

Amma in kun tambaye ni, ba ranar 25 ce take karya mutane ba. Kowa ya shirya mata. Kwanakin da suke bin ta su ne masu cin kuɗi a ɓoye. Ranar 26 hutu ce, baƙi suna ci gaba da zuwa. Yara suna gida ba makaranta, bakinsu ba ya hutawa. 'Yan'uwa sun zo daga Abuja ko Legas, an ce za su kwana biyu, sun yi mako. Ga bukukuwan aure da ake jerawa a ƙarshen shekara saboda kowa yana gida. Kafin ka farga ga jajibirin sabuwar shekara, a sake yanka wata kazar. Mutanen Kagoro ma ga bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Gidan da yake dafa mudu ɗaya a rana ya koma uku, gas ɗin da yake kai wata ya ƙare a kwana goma sha biyu, a koma gawayi. Duk wannan ba a rubuta shi a takardar cefane ba, domin takardar ta kwana ɗaya ce, hidimar kuwa ta kwana takwas.

Maganinsa ba rowa ba ne. Ranar biki a yi shinkafa da miya da nama yadda ya kamata. Washegari a koma abincin gida, ba tare da jin kunya ba. Gwaten acca da ganye, tuwon masara miyar kuka, faten doya, ɗanwake da safe. Baƙon da ya taso daga birni ma, in za ku tambaye shi tsakani da Allah, shinkafa ta ishe shi, abin da ya yi kewa ke nan. Haka abin sha. Zoɓo mudu guda da citta da kanumfari zai shayar da taron da kiret uku ba zai shayar ba, kunun zaƙi kuma har cika ciki yake yi. Sai dai a kula da abu guda: kada a dogara da firji a jibge dafaffen abinci, domin wutar lantarki ba ta san ana biki ba. A soya nama ya soyu sosai, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Akwai kuma kwanon maƙwabta, kuma wannan ba na so a taɓa shi. A garuruwanmu da yawa har yanzu Kirista yana aika wa maƙwabcinsa Musulmi abinci da cincin ranar Kirsimeti, da yawa ma sukan kai kazar ko akuyar Musulmi ya yanka don kowa ya ci hankali kwance, shi kuma ya rama da naman layya idan Babbar Sallah ta zo. Abu ne mai daraja, ya fi sabon labule da sabuwar kujera. Abin da nake cewa shi ne a sa shi cikin lissafi tun farko. Gida nawa za a kai wa? Shida? To a rubuta shida, a auna shinkafarsu. Abin da yake ɓata lissafi shi ne ganin ido, a ce wance ta kai wa gida goma sha biyar, mu ma kada a raina mu. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Iyayen gida maza, saura ku. Da yawanmu mukan miƙa kuɗin cefane daidai da na watan jiya, sannan mu gayyato abokai takwas ba tare da mun faɗa wa kowa ba, in abinci ya gaza kuma mu ce uwargida ba ta iya tattali ba. Rabon wasunmu da sanin kuɗin kwalbar man gyaɗa tun kafin a cire tallafi. Ku raka ta kasuwa sau ɗaya a wannan wata, ku riƙe jakar, ku ji farashi da kunnenku.

Don haka roƙona gare ku, masu sauraro, a daren nan kafin a kwanta, maigida da uwargida ku zauna da kalanda da biro. Ku ƙirga kwanakin da ke tsakanin kuɗin da ke hannu da wanda ake jira. Ku fitar da na masara da wake da mai na waɗannan kwanaki, ku saya gobe, ku kulle. Abin da ya saura a yi biki da shi, a ci a sha, a kai wa maƙwabta. Allah ya kai mu lafiya, ya sa a yi taro lafiya a watse lafiya. Sai mun sake haɗuwa a mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)