Sojan Takarda a Rigar Leda

Duk wanda ya taɓa zama da almakashi yana yanke hoton ɗan mayaƙin da tsawonsa bai fi inci ɗaya da 'yan kai ba, ya san inda gizo ke saƙar. Kai da kafaɗa ba su da wuyar yanka. Sai an zo kan tsinin mashi, ko tsirkiyar baka, ko ɗan filin da ke tsakanin hannu da ƙugu, nan aiki ke cijewa. In ka matsa, ka gutsure mashin. In ka yi sassauci, ka bar farin takarda zagaye da mutumin, ya tsaya a kan taswira kamar wanda ya goya allo. Wannan matsalar ce ta sa wasu masu wasannin tebur suka koma buga 'yan mutanensu a kan leda mai garai-garai, wadda ake hango abin da ke bayanta.

Wasannin da ake magana a kansu 'yan asalin Turai da Amurka ne. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin ƙa'idojin wasan yaƙi da sojojin wasan yara mai suna Little Wars a 1913. A 1974 kuma Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka, inda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda. Idan faɗa ya kaure a labarin, akan shimfiɗa taswira mai gidaje, kowane gida inci ɗaya, yana wakiltar ƙafa biyar, a dasa mutum-mutumin kowa a inda yake tsaye. Na ƙarfe da na roba suna da tsada, ga jiran fenti, ga shi dodon da aka saya yau wataƙila sau ɗaya zai fito a labari. Shi ya sa tun a 1980 kamfanin Steve Jackson Games ya fara sayar da Cardboard Heroes, jarumai a kan kwali da ake yankewa a naɗe su tsaya. Yau masu zane suna sayar da irinsu ta intanet, ko su bayar kyauta, kowa ya buga a gida.

Ledar ba don wasa aka ƙirƙire ta ba. Ita ce wadda malamai da masu ba da lacca suke rubutu a kai su ɗora a kan majigin haska bango, kafin kwamfuta ta karɓe aikin. Amfaninta a nan a fili yake: ka buga hoton, ka yanke shi a murabba'i da yanka huɗu, shi ke nan. Duk inda babu tawada babu abin da ido zai gani, don haka tsirkiyar baka da gashin jelar doki suna fitowa yadda mai zane ya zana su, taswirar da ke baya kuma ba ta ɓuya. Aikin da zai cinye yini da almakashi sai ya ƙare kafin shayi ya huce.

Kafin a saya, a san cewa ledar iri biyu ce, kuma ba a musanya su. Wadda aka yi don firinta mai tawadar ruwa tana da shafe a fuska ɗaya, za ka ji ɗan kaushi idan ka shafa da yatsa. A wannan fuskar ake bugawa. In aka juya ta, tawadar za ta kwanta a kan santsi ta ƙi bushewa, da an taɓa ta goge. Wadda aka yi don firintar lesa ko injin fotokwafi kuwa an yi ta ne ta jure zafi, domin waɗannan injuna suna narka garin tawada ne su manna shi da zafin da ke kusan digiri 200 a ma'aunin Salsiyas. Ledar da ba ta lesa ba tana iya narkewa ta naɗe a cikin injin, gyaran kuma ya fi kuɗin 'yan mutanen duka. A nan ne ya kamata mai karatu a garuruwanmu ya yi hattara: farar ledar nan da masu shagon fotokwafi ke sawa a bangon kundin ɗalibai ta yi kama da ita sosai, amma ba don bugu aka yi ta ba. A karanta abin da aka rubuta a jikin fakiti, kada a dogara da ido.

Babbar matsalar kuwa ba a gane ta sai an ɗaga ledar daga kan tebur. Firintar gida ba ta da farar tawada. Launuka huɗu take haɗawa: shuɗi mai haske, ja mai ɗan shunayya, rawaya da baƙi. Duk farin da kake gani a hoto, farin takarda ne da injin ya tsallake bai taɓa ba. Hatta sauran launukan ma da farin takardar suke haskawa, domin haske yana ratsa siririyar tawadar ne, ya bugi takarda, ya dawo wa ido. Cire takardar, ka cire madubin. Farin gemun tsohon boka zai zama rami, haƙoran dodo su ɓace, ƙyallin takobi ya koma launin duk abin da ke bayansa. Rawaya da launin fata mai haske kusan ba a ganinsu. Jarumin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta, da an tsayar da shi a kan taswirar kogo mai duhu, sai layukan baƙi kaɗai su rage.

Masu zanen katun na da sun san maganin wannan. Su ma a kan leda mai garai-garai suke aiki: layukan zane a gaba, fenti mai kauri a baya. Mai 'yan mutanen wasa zai iya aron dabarar. A buga hoton a juye, kamar yadda madubi ke nuna shi, sannan a bi fuskar da tawadar take da farin fenti, cikin iyakar jikin mutumin kawai. Idan aka juyo ledar, launuka sun sami farin da za su jingina da shi, tawadar kuma tana ƙarƙashin leda, yatsa ba ya kai mata. Da bugun lesa abin ya fi sauƙi; fenti mai ruwa yana iya jiƙa tawadar ruwa ya dama ta, don haka a gwada a kan guda ɗaya tukuna. Sai dai gaskiya, wanda ya gudu daga almakashi ya faɗa hannun buroshi bai yi nisa ba. Dabarar ta dace da jarumai huɗu ko biyar da za a daɗe ana wasa da su. Rundunar 'yan fashi talatin kuwa ba ta cancanci wannan wahalar ba.

Akwai hanyar tsakiya da na fi so. A buga a kan farar takarda, a yanke daidai gwargwado, a jera a cikin ledar lamineshan da ɗan fili tsakaninsu, a sa a inji. Launi yana nan da ƙarfinsa, ledar ta riƙe mashin da zai lanƙwashe, gefe kuma garai-garai. Ba a tsira daga yanka ba, amma an sami abin da zai jure zufar hannu da zubewar lemo.

Sai batun tsayuwa. Ledar bugu siririya ce, kaurinta kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, don haka dodo mai tsayi yakan rusuna. Naɗe ta biyu, gaba da baya, yana ƙara mata ƙarfi, amma dole hotunan biyu su hau kan juna daidai, in ba haka ba mutumin zai fito da inuwa biyu. A haɗa su da salatif mai manne fuska biyu. Gam ɗin nan mai kamawa nan take yana barin farin hazo a jikin leda, ya ɓata abin da aka sayi ledar dominsa. Gindi kuwa, ƙaramin maƙalin takardu na ofis ya isa, ko 'yar roba mai tsaga da ake sayarwa don haka.

Inda ledar ta fi kowa shi ne inda ake son a ga bayan abu. Fatalwa, aljani, hayaƙi, harshen wuta, bangon ƙanƙara: a nan rashin farin ya zama ado. Haka ma ma'aunin fili. A Dungeons & Dragons, tsafin dunƙulen wuta yana cin ƙafa 20 ta kowane ɓangare, wato da'ira mai faɗin inci 8 a kan taswira. Buga wannan da'irar a leda ka riƙe ta a saman 'yan mutanen, nan take gardamar wa wuta ta taɓa ta mutu. Inci 8 ya ɗan haura santimita 20, takardar A4 kuma faɗinta santimita 21 ne, don haka firinta na iya cinye gefen da'irar. Buga rabi-rabi a haɗa ya fi. A kuma tabbata an buga a ainihin girma, kada injin ya rage hoton don ya shige shafi.

Ledar tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, tana riƙe shatin yatsa, tana jan ƙura, ta kuma fi kwali tsada. Wanda ya faɗi ƙasa ma sai an durƙusa ana lalube. Shawarata ga mai son gwadawa: ya sayi falle biyu ko uku na irin da ya dace da firintarsa, ya buga fatalwowi da wuta da da'irori a kansu, sojoji da 'yan kasuwa da dawaki kuma ya bar su a kan kwali.