Ƙaramin Injin Fere Ƙarfe

Mun saba ganin maƙeri yana ƙira da wuta da masaba. To, akwai wani ƙaramin inji da akan ɗora bisa tebur. Shi ba ya dukan ƙarfe. Yana damƙe shi a bakinsa, yana juya shi da sauri. Mu kuma mu matso da wuƙa, tana fere shi kamar doya.

Ƙarfinsa kaɗan ne. In baƙin ƙarfe muke aiki, kada wuƙa ta ci fiye da rabin milimita a tafi ɗaya, wato kaurin farcenmu. In muka zurfafa, sai inji ya kama rawa da ƙara, ko wuƙa ta karye. Ƙarfe mai kauri, juyi a hankali yake so. Mai kaurin milimita 25, juyi 400 a minti ya ishe shi. Kada kuma tsawon da ya leƙo waje ya wuce kaurinsa sau 3 ba matokari.

Amma fa injin nan da ke jin nauyin ƙarfe ba ya jin nauyin hannun mutum. Babbar riga ita ce hatsari. In ya kama bakinta, zai naɗe ta har da mai ita. Mu tuɓe ta, mu kwance rawani, mu ajiye safar hannu. Mu sa tabarau saboda ido. Mabuɗin da muka ɗaure ƙarfe da shi, mu zare shi kafin mu kunna, don kada inji ya wurgo mana shi a fuska.

Ɓawon ƙarfen yana da zafi da kaifi. Sai inji ya tsaya cik, sa'an nan mu share shi da buroshi.